Melody Gardot: Mawaƙiyar Jaz Da Ta Fara Rubuta Waƙa A Gadon Jinya

Melody Gardot mawaƙiyar jaz ce 'yar ƙasar Amurka. An haife ta ranar 2 ga Fabrairun 1985 a jihar New Jersey, ta tashi a birnin Filadelfiya. Ita ke rubuta yawancin waƙoƙinta, tana kaɗa fiyano da jita, tana kuma rerawa da Turanci da Faransanci, wani lokaci har da harshen Fotugal. Wanda ya taɓa ganin ta a kan dandamali da wuya ya manta da baƙin tabarau ɗin da ba ta rabuwa da shi, da sandar da ta daɗe tana dogarawa. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne irin na taurari, alhali kuwa tabon wani mummunan haɗari ne da ya kusa raba ta da duniya tun ba ta cika shekara 20 ba. A cikin jinyar wannan haɗari ne ta fara rubuta waƙoƙinta, shi ya sa akan ambaci sunanta idan ana zancen kiɗa a matsayin magani.

Jaz kiɗa ne da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya bayyana a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, ya haɗo waƙoƙin aikin gona, da waƙoƙin coci, da waƙoƙin koken rayuwa da ake kira blus, da kuma bushe-bushe irin na badujala. Abin da ya bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗen Turawa shi ne makaɗa ba sa bin rubutaccen kiɗa tun daga farko har ƙarshe. Akwai karin da duk suka sani, su fara da shi tare, sai kowa ya karɓa bi da bi ya juya shi yadda zuciyarsa ta raya masa a wannan lokaci, sannan a dawo a haɗu. Don haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya a dare biyu. Mata sun yi fice ƙwarai a wannan fage: Billie Holiday, Ella Fitzgerald, Sarah Vaughan da Nina Simone su ne iyayen gidan da duk wata sabuwar mawaƙiya ake auna ta da su.

Gardot ba ta taso da burin shiga sahunsu ba. Kakanninta ne suka fi riƙon ta, saboda mahaifiyarta mai ɗaukar hoto ce da aiki ke yawan fitar da ita gari. Ta fara koyon kiɗa tana da shekara 9. Da ta kai 16 tana kaɗa fiyano a wuraren shaƙatawa na Filadelfiya daren Juma'a da Asabar, tana bin waƙoƙin wasu don samun na kashewa. Karatun da ta sa a gaba kuwa na zanen tufafi ne, a wata kwaleji ta cikin birnin.

A watan Nuwamban 2003 tana tafe a kan keke sai wata motar jif ta ƙi tsayawa a jar danja, ta yi awon gaba da ita. Ta samu rauni a ka da ƙashin baya, ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu. Kusan shekara guda ta yi a kwance, mafi yawa a rigingine. Sai da ta sake koyon tafiya, ta sake koyon ƙananan abubuwa irin su goge haƙori.

Karaya tana ɗoruwa, amma raunin ƙwaƙwalwa sha'aninsa daban ne, kuma shi ne ya fi daɗewa tare da ita. Haske ya zama abokin gaba: abin da lafiyayyen ido zai ɗauka hasken ɗaki ne kawai, ita sai ya soke ta har cikin ka. Ƙara ma haka. Ga kuma mantuwa, ta yadda abin da ya faru da safe kan ɓace mata kafin yamma, lissafin lokaci ya rikice. Magana ta yi mata nauyi; ta san abin da take son faɗa, amma kalmar ta ƙi zuwa baki. A kan duk wannan ga ciwon jiki da ba ya ɗagawa, wanda ya sa ta daɗe tana ɗaure da wata 'yar na'ura mai tura wa jijiyoyi ɗan lantarki don rage zogi. Magungunan kashe zafi da aka yi ta ba ta kuwa ba su karɓe ta ba.

Likitan da ke duba ta, da ya ji cewa makaɗiya ce kafin haɗarin, sai ya ba ta shawarar ta koma ga kiɗa. Hujjarsa ita ce kiɗa na iya taimaka wa ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ta sake ƙulla hanyoyinta. Matsalar ita ce fiyano sai a zaune, ita kuma ƙugunta ba ya jure zama. Sai ta ɗauki jita, wadda ake iya ɗorawa a ciki ana kwance, ta koya wa kanta. Ta fara da rera kari a maƙogwaro ba tare da kalma ba, daga baya kalmomi suka riƙa biyo karin. Da yake ba ta da tabbacin za ta tuna abin da ta tsara idan gari ya waye, sai ta ajiye rakoda kusa da gado, duk abin da ya zo ta naɗe shi nan take. Abin da aka fara don kada a manta shi ne ya taru ya zama waƙoƙi.

Sauraronta ma ciwon ne ya zaɓa mata. Tunda kunnenta ba ya ɗaukar hayaniya, ta karkata ga kiɗa mai sanyi, musamman bosa noba, wato salon Barazil mai tafiya a hankali wanda mai busa saksofon ɗin nan Stan Getz ya yayata a Amurka a shekarun 1960. Wannan dole da ta same ta a ɗakin jinya ita ce daga baya masu sharhi suka riƙa yabawa a matsayin salonta.

Shawarar likitan ba shaci-faɗi ba ce. Tun a 1861 likitan Faransa Paul Broca ya nuna cewa akwai wani yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa da ke riƙe da furta magana, idan ya lalace mutum kan ji abin da ake faɗa masa amma ya kasa mayarwa. Likitoci sun daɗe kuma suna ganin wani abin mamaki: majinyacin da bai iya haɗa jimla ɗaya ba, sai a ji shi yana rera waƙar da ya sani tun yana yaro, kalmomin na fita daram. Irin haka ake gani ga masu i'ina da yawa, waɗanda harshensu ke sakewa da zarar sun fara waƙa. Dalili shi ne waƙa ba ta dogara ga wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa ba. Tana motsa ɓangarorin biyu, tana haɗa sashen ji, da na motsa gaɓoɓi, da na tunawa, da na jin daɗi, duk a lokaci guda. Ita kuma ƙwaƙwalwa tana da baiwar sake shiri. Idan gada ta karye da damina, masu motoci kan ɓullo da wata hanya ta gefe. Ranar farko da ƙyar ake wucewa, amma da yawan bi sai ta daddale ta zama hanya sosai. Haka jijiyoyin da suka tsira ke karɓar aikin waɗanda suka mutu, muddin ana maimaita aikin ba fashi.

A kan wannan fahimta ne wasu masana uku a birnin Boston, Martin Albert da Robert Sparks da Nancy Helm, suka fito da wata dabara a 1973 don masu shanyewar ɓarin jiki da magana ta ɗauke musu. Mai koyarwa zai zauna gaban majinyaci ya riƙe hannunsa na hagu. Zai ɗauki gajeriyar magana ta yau da kullum, kamar neman ruwan sha, ya rera ta a kan murya biyu kacal, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana ɗan bubbuga hannun majinyacin a kan kowace gaɓar kalma. Su rera tare, sannan mai koyarwa ya riƙa janye muryarsa har majinyacin ya ƙarasa shi kaɗai. Bayan makonni sai a riƙa rage karin waƙar, har maganar ta tsaya da ƙafarta. Hannun hagu ake zaɓa saboda ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa shi, kuma shi ne ɓangaren da ake so a tayar. 'Yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords, wadda aka harba a ka a birnin Tucson a watan Janairun 2011, waƙa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da magana. A ɓangaren tafiya ma akwai makamancin wannan: binciken Michael Thaut da abokan aikinsa a jihar Colorado ya nuna cewa masu cutar karkarwa ta Parkinson da masu shanyewar ɓarin jiki kan daidaita takunsu idan suna bin bugun kiɗa mai tsari.

Ko sauraro kawai yana da nasa tasiri. A 2008 mujallar Brain ta buga wani bincike da Teppo Särkämö ya jagoranta a Helsinki ta ƙasar Finland, kan mutum 60 da ba su daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ba. An raba su gida uku: wasu suna sauraron kiɗan da suke so kullum, wasu littattafan da aka karanta a faifai, wasu kuma ba a ba su komai ba, amma duka suna karɓar jinyar da aka saba. Bayan wata uku, masu sauraron kiɗa sun fi sauran ci gaba wajen tuna kalmomi da tattara hankali, kuma damuwa ba ta kama su kamar waɗanda ba a ba komai ba. A 2015 mujallar Lancet ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 73 da suka shafi majinyata kusan 7,000 da aka yi wa tiyata, ta gano cewa kiɗa na rage zafin ciwo da fargaba, yana kuma rage yawan maganin kashe zafi da ake buƙata. Sai dai binciken bai ga ya rage kwanakin da ake yi a asibiti ba.

Tunanin kansa tsoho ne. Malaman Musulunci irin su Al-Farabi da Ibn Sina sun yi rubutu kan tasirin sauti a zuciya da jiki, kuma asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayezid na Biyu ya gina a Edirne, wanda aka kammala a 1488, ya yi suna da amfani da kiɗa da ƙarar ruwa wajen jinyar masu taɓin hankali. Mayar da abin sana'a mai takardar shaida ne sabo. A Amurka ya kankama ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka lura da yadda sojojin da suka dawo da raunuka ke farfaɗowa idan makaɗa sun ziyarci asibitocinsu. An buɗe kwas ɗin digiri na farko a jihar Michigan a 1944, aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa a 1950.

A nan ya kamata a yi hattara da yadda jaridu kan ba da labarin Gardot, kamar wadda ta ɗauki jita ta miƙe garau. Ba kiɗa ne ya ɗora mata ƙashi ba, kuma shekaru bayan ta yi suna tana nan da ciwon jiki da tabarau ɗinta. Ta samu kulawar likitoci da masu gashin ƙashi, ga ƙuruciya a tare da ita, ga kuma shekarun da ta yi tana kaɗa fiyano, waɗanda suka riga suka shimfiɗa wa kiɗa hanya a ƙwaƙwalwarta. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ma takan ɗan farfaɗo da kanta a watannin farko, don haka ba a iya ware kason da kiɗa ya bayar daga labarin mutum ɗaya. Gwaje-gwajen dabarar Boston ɗin ma yawancinsu kan mutane kaɗan aka yi su, sakamakon kuma bai zo iri ɗaya ba. Abin da ya fi ƙarfi a hujja shi ne kiɗa motsa jiki ne ga ƙwaƙwalwa, kuma irin wanda majinyaci ba ya gajiya da shi. Da wuya a samu mai ciwo da zai maimaita darasin furuci sau ɗari da son ransa, amma zai rera waƙar da yake ƙauna fiye da haka ba wanda ya sa shi.

Waƙoƙin da ta naɗa a ɗakin kwananta sun fito a 2005 a wani ɗan ƙaramin faifai mai suna Some Lessons: The Bedroom Sessions. Da farko ba ta so a fitar da su ba, tana ganin sirrinta ne. Gidan rediyon WXPN na Filadelfiya ya fara sa su, jama'a suka fara tambayar mai muryar. A 2006 ta fitar da cikakken kundinta na farko, Worrisome Heart, wanda kamfanin Verve, tsohon gidan manyan mawaƙan jaz, ya sake fitarwa ga duniya a 2008.

Kundin da ya ɗaukaka ta shi ne My One and Only Thrill na 2009. Larry Klein, wanda ya yi aiki da Joni Mitchell da Herbie Hancock, shi ya tsara aikin, Vince Mendoza kuma ya rubuta wa masu goge nasu sashe. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, abin da ba kasafai kundin jaz ke samu ba a wannan zamani, aikin kuma ya shiga jerin takarar lambar Grammy. Turai, musamman Faransa, ta fi ƙasar haihuwarta rungumar ta, kuma daga baya birnin Paris ya zama mazauninta.

Wanda ya saurari wannan kundi da kunnen basira zai ji ɗakin jinyar a cikinsa. Gardot ba ta ɗaga murya. Takan matso da baki daf da makirfo, ta rera kamar mai yi wa mutum ɗaya magana, ta bar 'yar rawar murya a ƙarshen kalma, sannan ta yi shiru ta bar kiɗan ya numfasa. Mai ganga yakan ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya, yana shafar fatar maimakon dukanta. Waƙar Who Will Comfort Me da ƙyasta yatsu take farawa, sauran kayan kiɗa su riƙa shigowa sannu a hankali. A zamanin da gasar waƙa ta talabijin ta koya wa mawaƙa cewa gwaninta ita ce tsaga rufi da murya, wannan sanyin ya sa ta fita daban. Ba kowa ne ya gamsu ba. Wasu masu tsattsauran ra'ayin jaz suna ganin kiɗan nata ya yi santsi da yawa, ya fi kusa da waƙoƙin soyayya na gama-gari, ba shi da kasadar da aka san jaz da ita. A faifai zargin yana da ɗan ƙamshin gaskiya. A dandamali kuwa takan sakar wa makaɗanta mara su ja waƙa yadda suke so, kamar yadda kundin Live in Europe na 2018 ya nuna, wanda aka tsinto daga wasannin da ta yi cikin shekaru da dama.

Da jiki ya ƙara ƙwari sai ta shiga duniya. Kundin The Absence na 2012, wanda ta yi da makaɗin jita ɗan Barazil Heitor Pereira, ya fito ne daga zaman da ta yi a Lisbon da tafiye-tafiyenta a Maroko da Ajantina da Barazil. A 2015 ta sake haɗuwa da Klein suka yi Currency of Man, inda ta juya daga zancen zuciyarta zuwa na mutanen titi: marasa matsuguni, matalauta, da waɗanda wariyar launin fata ta ci. Waƙar Preacherman ta tuna da Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a jihar Mississippi a 1955. A wannan kundi kiɗan ya ƙara nauyi, bushe-bushe suka yawaita, muryar da aka sani da raɗa ta buɗe fiye da da.

Duk tsawon wannan lokaci ba ta daina yi wa jinya da kiɗa shela ba. Ta sha bayyanawa a hirarraki cewa waƙa ce ta taimaka mata ta dawo da magana da tunawa, ta kuma yi jawabai a asibitoci da jami'o'i kan amfanin wannan hanya ga masu raunin ƙwaƙwalwa da masu fama da ciwo mai daɗewa. Ba ga kiɗa kaɗai take jingina sauƙin da ta samu ba. Takan ambaci tsarin cin abinci mai tsauri da ta ɗauka, wanda ya dogara ga hatsi da ganyaye, da kuma addinin Buddha da take bi. Waɗannan ra'ayinta ne na ƙashin kai, ba su da irin goyon bayan bincike da kiɗan ke da shi.

Annobar korona ta 2020 ta same ta a Paris, a daidai lokacin da aka rufe gidajen wasa, makaɗa a ko'ina suka wayi gari ba aikin yi. Sai ta yi kira ta kafofin sada zumunta ga masu goge da sauran kayan kiɗa daga kowace ƙasa, kowa ya naɗi nasa sashe a gida ya turo ta intanet. Aka haɗa su aka yi waƙar From Paris with Love, aka biya waɗanda aka zaɓa ladan aikinsu kamar sun shiga situdiyo, ribar waƙar kuma aka sadaukar ga wata ƙungiya mai tallafa wa ma'aikatan lafiya a Faransa. Waƙar ta shiga kundin Sunset in the Blue da ya fito a ƙarshen shekarar, kuma a wannan zango ne ta yi waƙar Little Something tare da mawaƙin Ingila Sting. A 2022 ta fitar da Entre eux deux tare da Philippe Powell, ɗan shahararren makaɗin jitar Barazil Baden Powell. Babu taron makaɗa a wannan kundi, murya ce kawai da fiyanon Powell, wasu waƙoƙin kuma da Faransanci aka rera su.